Ranar da Ban Tsaya a Kabo Ba

Tun ranar da ɗan'uwanku Usmanu ya dawo daga ƙauyenmu Durun rai a ɓace nake son in zauna in rubuta muku wannan babi, ban samu sukuni ba sai yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni a gida. Abin da ya same shi bai taka kara ya karya ba. Daga wurin aiki ya biya ƙauyenmu don ya duba Baffanku Habibu da ba ya jin daɗi, yana sanye da wandon jins da kwat da laktaye, irin shigar da samarin ofis suke yi yanzu ba wanda yake ɗaga kai ya kalle su. Wani tsoho da ke zaune a inuwar masallaci ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi na kusa da shi ɗan wane ne, aka faɗa masa, sai ya ce ai ba abin mamaki, jinin Mai Laktaye ne. To, Mai Laktayen ni ne, sunan kuma ya bi ni tun Usmanu yana goye. Labarin da ake bayarwa a can shi ne boko ta cinye ni, na je sadakar arba'in ɗin mahaifina da shigar Turawa, dattawa suka ga ban dace ba suka ƙwace limanci suka ba ƙanena. Kayan da suka ce na sa, na sa su, ko launin laktayen ba su yi kuskure ba. Maganar ƙwacewa ce ba daidai ba, ita nake son in gyara kafin ku ji ta a bakin wani tsohon bayan raina.

Kakanku, wanda kowa yake kira Malam har mu 'ya'yansa, shi ne limamin ƙauyenmu, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Zauren gidanmu makaranta ce. Da hantsi manya masu karatun littattafai suke zagaye shi, da yamma kuma masu kawo matsala: rabon gado, maganar saki, iyakar gona. Mu biyu ne maza a wurinsa, ni da Habibu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na yi sauka, na taɓa 'yan littattafan farko, daga nan aka sa ni boko, na bi ta har ta kai ni karatun lafiyar dabbobi. Ba zan cika ku da jerin makarantu ba. Habibu bai je ko'ina ba. Ya zauna a gefen buzun Malam tun yana ɗauko masa buta har ya kai shi yake jan sallah in Malam ba ya nan. Da idon Malam ya yi rauni a ƙarshen rayuwarsa, Habibu ne yake karanta masa littafi, su warware hukunci tare, sau da yawa ma Malam kai kawai yake gyaɗawa.

Kakarku Inna 'yar Mainika ce, daga gidan makiyaya da suka zauna suka kama noma, ta kuma zo da kunyar gidansu cikakkiya. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in zo sai ta ce da Habibu ya kira wancan. In na dawo daga tafiya na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta, ta ce a ba baƙo ruwa. Habibu kuwa tana yi masa faɗa, tana yi masa dariya, tana ajiye masa ƙanzon tuwo har da gemunsa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, kowa ya san al'adar ɗan fari. Amma mutum in ya kai shekara arba'in ba a taɓa tambayarsa yaushe zai dawo ba, yakan ɗauka dawowar tasa ba ta dami kowa ba, ni ma haka na ɗauka.

A wancan lokacin ina aiki da wani kamfanin magungunan dabbobi a Kano, an ba ni yankin Gwarzo da Kabo. Da safe in shiga shagunan dillalai a kasuwa, da rana in bi rugage da garkuna a Kara da Mainika ina nuna wa mutane yadda ake allura da ba da maganin tsutsa. Da babbar riga muka fara, kullum sai sarƙar babur ta ci gefen rigar wani. Aka ce mu koma kwat da wando, sai ya zama mutum ya shiga garke sau ɗaya ya fito kamar an birgima da shi. Ana haka aka kawo mana sabon manaja, wani Bazazzagi da ya daɗe a Legas, ya tara mu a ofis ya ce daga yanzu jins za mu riƙa sawa a ƙasa, kwat da laktaye a sama. Muka yi dariya, don a saninmu jins kayan 'yan makaranta ne da makanikai.

"Ku yi dariyarku ku gama," in ji shi. "Mai shago daga ƙugu zuwa sama yake ganinku, saniya daga ƙugu zuwa ƙasa. Ku yi wa kowa shigar da ta dace da shi."

Mutumin yana da dokoki, kuma ba ya ɗaga ƙafa. Jins sai mai duhu, kamar yanzu aka tsamo shi daga marina, ba koɗaɗɗe ba, ba yagagge ba, ya sauka daidai kan takalmi kar ya share ƙasa. Kwat ba mai sheƙi ba, sai mai ɗan kaushi, ruwan ƙasa ko ruwan toka. Laktaye siriri, mara walƙiya. Bel da takalmi launi ɗaya. Ya taɓa mayar da wani abokin aikinmu gida don ya zo da farar safa. Ba a yi wata biyu ba muka ga gaskiyarsa. Ƙarangiya ba ta kama jins kamar yadda take kama yadi, kashin shanu yana bushewa a kankare shi, dillalin da a da yake barina a tsaye ya fara jawo mini kujera, makiyaya kuma suka sa mini Likita. Bari in faɗa muku kai tsaye, tunda ba wanda zai tambaye ni yanzu: ina son kayan nan. In na ɗaure laktaye na hau babur da safe, nakan ji ni mutum ne da ya san aikinsa, abin da ban taɓa ji ba a zauren Malam.

Amma ban taɓa shiga Durun da su ba. A Kabo, kusa da tasha, akwai wani tela, Sabi'u, abokina tun firamare. A bayan labulen shagonsa na kafa ƙusa, babbar rigata da jamfa da wando da hula suna rataye a can shekara da shekaru. Duk ranar da zan je gida sai in tsaya, in shiga bayan labule in canza, in na dawo in sake canzawa. Sabi'u bai taɓa gajiya da tsokana ɗaya ba.

"Bature ya shiga," zai ce yana taka keke. In na ɗaga labule na fito sai ya ce, "Allah gafarta Malam, yanzu wani Bature ya shiga nan, ba ku haɗu ba?"

Haka mutanen ƙauyenmu suka san ni, da shuɗiyar shadda da hula, ina magana ƙasa-ƙasa. Suna cewa boko ba ta taɓa ɗan Malam ba, Malam kuma yana jin daɗin hakan. Ban ga abin da zai sa in ɓata masa ba.

Malam ya rasu da bazara, ana zafin da ko kaji ba sa fitowa. Bai bar wasiyya a kan limanci ba, domin a ganinsa ba abin da za a faɗa, al'ada ta riga ta faɗa: babban ɗa ne yake hawa buzu. Akwai kuma wata al'adar da ya kamata ku fahimta, don a kanta komai ya rataya. A garinmu ba a ba da limanci ga wanda ya nuna yana so. Wanda za a ba sai ya ƙi, a roƙe shi, ya sake ƙi, ya ce bai isa ba, ya nuna wani. Haka za a yi ta yi har ranar sadakar arba'in, in an ta da iƙamar Azahar dattijon gida ya kama hannunsa ya tura shi gaba, bayan sallama a naɗa masa rawanin mamacin. Ƙin nan ba ƙi ba ne, sashe ne na karɓa, kamar yadda baƙo yake cewa ya ƙoshi kafin ya sa hannu a akushi. Ranar sadakar bakwai Baffa Haladu, ƙanen Malam, wanda shi ne ya rage babba a gidan, ya kira ni zaure gaban dattawa ya buɗe maganar.

Na ce, "Baffa, ni ba zan iya ba. Karatuna ya tsaya tun da daɗewa. Ga Habibu nan."

Baffa ya yi murmushi, ya juya ga dattawa.

"Kun ji ko? Kalmomin da Malam ya faɗa ke nan ranar nasa. Har da nuna ɗan'uwa. Ni ya nuna."

"Wallahi da gaske nake, Baffa."

"Shi ma ya rantse," in ji Baffa, dattawa suka ce Allahu akbar, jini ba ya ƙarya.

Na koma bayan mako biyu na same shi shi kaɗai a gona, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce in aka kawo mini gadon mutum mai mata biyu da 'ya'ya da uwa a raye, ba zan iya raba shi ba. Na ce in mace ta zo tana tambaya ko aurenta yana nan bayan abin da mijinta ya furta, ban san me zan ce mata ba. Ya saurare ni har na gama, ya dafa kafaɗata ya ce tawali'una ya fi na Malam. Na je wurin dagaci, shi ma ya yaba mini. Duk ƙin da na yi sai ya ƙara musu tabbaci, har na fara jin labarin tawali'una a kasuwar Gwarzo. Daga ƙarshe na sami Habibu a zaure yana kakkaɓe littattafan Malam, na ce ya taimake ni ya yi magana.

"Yaya, ni ba ni da bakin magana," ya ce. "In na ce uffan za a ce nema nake. Ka karɓa kawai. Abin da ya shige maka duhu zan riƙa raɗa maka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar nan ita ta yanke mini shawara. Na hango kaina da rawanin Malam, marayu suna zaune a gabana suna jiran rabonsu, ni kuma kunnena yana karkace wajen ƙanena. Na hango ranar da zai yi tafiya ko ya kwanta ciwo. Na kuma hango shi yana tsufa a gefen buzu, kamar yadda ya girma a gefen buzu, yana raɗa wa wanda bai kai shi ba. Tsoro ya kama ni, na kuma ji kunya. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma son aikina a ciki, ban ce duk don Allah na yi ba. Tunda baki ya kasa ƙin abin, sai na nemi hanyar da su da kansu za su fasa.

A cikin makonnin nan duk zuwan da na yi sai in tarar ana aiki a wani tsohon sashe na gidan, mai ɗaki biyu, inda a da ake tara harawa. An kwashe harawar, an yi sabon yaɓe, an sa ƙyaure, har siminti aka zuba a ƙasa, abin da ko ɗakin Malam bai samu ba. Na tambayi Lami, matar Habibu, ta ce Inna ce ta sa. Inna tana takaba, ba ta fita, daga bakin ƙofarta take ba magina umarni. Na ɗauka don baƙin arba'in ne. Na kuma lura jar karsanar Inna ba ta turke, wadda ta fito daga tsatson shanun mahaifinta, ni nake yi mata allura da hannuna. Aka ce an sayar. Na ɗauka don hidimar sadaka ne, ban sake bi ta kai ba.

Wasu masu tausayina a Durun suna cewa makara na yi ranar arba'in, shi ya sa ban samu na canza ba. Na gode musu, amma ban makara ba. Mahaifiyarku ta goge mini farar shat da sassafe, na sa jins mafi duhu da nake da shi, da kwat ruwan toka, da laktaye ruwan hanta. Na tsaya gaban madubi na gyara ƙullin har ya zauna daidai, don in za a yi abin a yi shi da kyau, kar a ce ko shigar ma bai iya ba. Na biya Gwarzo na sauke kaya a shago biyu, na kamo hanyar Kabo da sauran lokaci mai yawa. Sabi'u yana tsaye a ƙofar shagonsa da rigata a kan hannu, ya wanke ta ya kai ta bugu saboda ranar, tana ta ƙyalli. Ya hango ni ya ɗaga ta sama. Na rage gudu, na ɗaga masa hannu, na wuce. A madubin babur na gan shi ya biyo ni 'yan taku yana kiran sunana, sannan ya tsaya.

An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci. Malamai sun zo daga Kara da Mainika da Gwarzo, dangin Inna sun zo, ana ta raba gumba da waina. Na kafe babur a gindin dalbejiya na tako. Hayaniya ta riƙa mutuwa daga tabarma zuwa tabarma yadda nake matsowa. Na cire takalmi, na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa, ina tambayar gida da iyali da haƙuri, ban tsallake kowa ba, ban gajarta gaisuwa ko ɗaya ba. Suna amsawa, amma idonsu yana kan laktayen da yake lilo duk sanda na sunkuya. Wani tsoho daga Kara, wanda na sha yi wa shanunsa allura, ya ce, "A'a, Likita, ashe kai ne ɗan Malam?" Shi kaɗai ne ya yi murna da ganina. Baffa Haladu ya miƙe ya kama gwiwar hannuna ya ja ni cikin zaure, ya tura ƙyaure.

"Ina kayanka?"

"Su ne a jikina, Baffa."

"Hatsari kuka yi? Ko sata aka yi maka?" Bai jira amsa ba ya leƙa cikin gida. "Lami! Kawo farar rigar Malam da sauri."

Na ce, "Baffa, a bar rigar Malam inda take. Wannan da kake gani shi nake sawa kullum, shekara da shekaru, da shi nake cin abinci. Wancan da kuka sani mai shuɗiyar shadda, a Kabo ake haɗa shi, a shagon tela, in zan shigo gari. In kun rufe ni da riga yau, gobe da safe haka za ku gan ni a kasuwar Gwarzo, jibi ma haka. Wanda zai ja ku sallah ke nan. Ku duba da kyau."

Ya duba kuwa. Ya daɗe yana kallona, daga safa har wuya. Lami ta zo bakin ƙofa da rigar a ninke, ya ɗaga mata hannu ta koma. Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba, ba fushi ba ne, kamar mutumin da ya je rumbunsa ya tarar ba abin da ya zata a ciki.

"Malam ya sani?"

"Bai sani ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya buɗe ƙyaure ya fita.

Da aka kira Azahar na tuɓe kwat na rataya a reshe, na cusa laktaye cikin shat, na naɗe hannu na yi alwala, jama'a suna kallo kamar ba su taɓa ganin alwala ba. Na mayar da kwat ɗina na shiga sahu. Ladan ya ta da iƙama, ya gama, gaban masallaci ba kowa. Baffa ya ratsa sahu ya wuce ta gabana, gefen rigarsa ya shafi gwiwata, ya kama hannun Habibu ya tura shi gaba. Habibu ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya yi kabbara. Bayan sallama aka kawo rawanin Malam aka naɗa masa, aka yi addu'a, aka shafa. Ba wanda ya ce mini ci kanka. Abin da na zo nema ke nan, na kuma samu.

Kafin in tafi na shiga cikin gida yin sallama. Inna tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta da carbi, labari ya riga ni isowa. Na durƙusa na gaishe ta. A ranar ne, karo na farko a iya sanina, ta ɗaga kai ta dube ni sosai, ido cikin ido, sannan ta bi kayan da kallo a hankali har ƙasa. Ta kira Lami.

"Sashen nan da aka gyara, in kaka ta yi a zuba hatsi a ciki. Kar ya zauna a banza."

"Inna, wanda kika sa wa siminti?"

"Shi."

Na tashi na fito. Lami ta biyo ni har soron ciki, ta rage murya.

"Yaya, naka ne fa. Kai da su Usmanu. Don shi ta sayar da karsanarta. Kullum sai ta tambayi magina ko zai bushe kafin arba'in."

Na ce to, na gode. Na sa takalmina na hau babur. Sai da na wuce Kabo na ga hanya ta fara yi mini dishi-dishi, na sauka gefen titi na zauna a kan dutse, na kwance laktayen na sa a aljihu. Duk shirin da na yi, na lissafa Baffa, na lissafa dattawa, na lissafa Habibu, ban sa Inna a ciki ba, domin ban san tana da abin da za ta rasa ba. Ita ba ruwanta da wanda ya iya rabon gado. Limanci a wurinta shi ne igiyar da za ta jawo ɗan farinta gida ba tare da ta buɗe baki ta nema ba.

Sauran abin da ya biyo baya kun san wasu. Sunan Mai Laktaye ya zauna. Ba a sake miƙa mini ko addu'ar suna in yi a ƙauyen ba. Baffa Haladu yana amsa gaisuwata har ya rasu, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Sabi'u ya daina tsokanar Bature, da kansa, ko da na ci gaba da tsayawa a shagonsa ina canzawa kamar da, don ban ga dalilin sake tsokano mutane ba. Habibu ya zama limamin da ake zuwa tambaya daga garuruwan da ko Malam ba a zo masa daga can ba. In da za a mayar da ni wannan rana, shi ne dai zai ja sallar, ban taɓa shakkar wannan ba. Amma shi ma abin bai zo masa kyauta ba. Mun daɗe ba mu ta da maganar ba, sai wata shekara muna dawowa daga jana'iza a Mainika, ina goye da shi a babur, ya yi magana ta bayan kunnena.

"Yaya, ka san ni kaɗai ne limamin garinmu da ba a roƙa ba? Kakanmu an roƙe shi, Malam an roƙe shi. Kai ma an roƙe ka. Ni tura ni kawai aka yi, ko damar cewa ban isa ba ban samu ba."

Na ce na sani. Ya ce shi ke nan, yana son ne dai ya tabbata na sani. Ba mu sake komawa kanta ba, kuma in kun je kar ku tayar masa.

Inna ta rayu shekaru da dama bayan haka. Ina zuwa duk mako biyu ko uku, in gaishe ta, a ba baƙo ruwa, in koma Kano kafin magariba. Na sha cewa a raina zan ɗauki hutu in zo da ku mu yi ko wata guda, amma aiki ya yi ta ci gaba, ku kuma kuka shiga makaranta, sashen kuma ya riga ya cika da dawa da masara. A ƙarshe idonta ya tafi kusan gaba ɗaya. Wata rana na zo da shuɗiyar shaddata, na durƙusa kusa da ita fiye da yadda na saba, don ta ji muryata. Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama hannun rigar, ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta shinshina. Ta saki, ta juya fuskarta wajen da take jin motsin Lami.

"Ki gaya wa wancan ya daina wahalar da telan Kabo," ta ce. "Ni ba rigar nake jira ba."

Ta rasu a daminar da ta biyo baya, Habibu ne ya yi mata sallah, ina sahu na biyu. Sashen yana nan, shi ne inda ake aikenku ɗebo masara in kun je hutun sallah, mai simintin da har yau bai tsage ba. Ban taɓa kwana a cikinsa ba.